Sitacin Injiniya Abednego

Abednego ya yi wata biyu a Abuja, a wani wurin gini inda aikinsa shi ne riƙe tsani. Da ya dawo Unguwar Zamani, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, sai ga shi da farar hular kwano, da tef a ƙugu, da suna Injiniya. Babu wanda ya san inda aka raɗa masa sunan, amma tunda yana amsawa, aka bar masa. Saboda hular ne ma aka sa shi cikin kwamitin ginin sabuwar majami'a, ya zama cikon na bakwai.

A lokacin gini ya kai linta, saura rufi. Shekara arba'in ke nan duk wani rufi na garin Baba Kumai kafinta ne yake yi, kuma kowa ya ɗauka wannan ma nasa ne. Rabaran Gershon ya buɗe baki zai faɗi hakan, sai Abednego ya miƙe, ya gyara hula.

"Baba Rabaran, da izininka. Ginshiƙi nawa Baba Kumai zai kafa mana a tsakiyar majami'a?"

"Shida," in ji Baba Kumai.

"Shida! Mutum ya zo sujada ya ƙare da leƙen fasto ta bayan itace. A Abuja an daina wannan. Filanki ake jerawa, ɗaya bisa ɗaya, a shafa gulu, a matse, su zama itace guda wanda ya fi ƙarfe ƙarfi. Daga bango zuwa bango, babu ginshiƙi, babu ƙusa. Sunansa laminetad bim."

Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Akwai irin wannan katako. A masana'anta ake haɗa shi, da busasshen itace da gulu na musamman da inji mai matsewa, kuma yana ɗaukar rufin da zai ba mutum mamaki. Abednego ya gan shi da idonsa, daga ƙasa.

Baba Kumai ya ce, "Ɗana, da hannunka ka haɗa?"

"Ina wurin aka ɗora shi."

"Ni ma ina wurin aka haifi 'ya'yana tara. Har yau ba a kira ni karɓar haihuwa ba."

Rabaran Gershon mutum ne da ba ya son a tashi taro wani yana fushi, shi ya sa tarukansa ke da tsawo. Ya nemo tsakiya. Nan da mako uku zumuntar mata za ta karɓi baƙi daga Zonkwa da Kajuru da Kasuwan Magani, kuma shugabarsu Mama Afiniki, wadda ita ma tana cikin kwamitin, ta daɗe tana neman rumfa mai faɗi wadda za a yi rawa ba a yi karo da itace ba. To, Abednego ya yi bim ɗaya, ƙafa talatin da shida, a ɗora a kan ginshiƙan bulo biyu, a yafa tamfol. Ranar taron kwamiti zai duba, ya jefa ƙuri'a. In bim ya tsaya, rufin majami'a nasa ne. In bai tsaya ba, na Baba Kumai ne. Malam Asher, tsohon hedimasta kuma sakataren kwamiti, ya rubuta, ya ja layi a ƙasa da rula.

Washegari Abednego ya hau acaɓa zuwa 'yan katako a Kafanchan, ya zaɓi filankin malaina wanda aka yanka shekaranjiya, har yana tsattsafo da ruwa.

Mai katako ya ce, "Oga, wannan ɗanye ne fa. Ka bari ya sha iska."

"Sama zai hau. Ina iska ta fi yawa, sama ko ƙasa?"

Mai katako ya yi tunani, ya ga ba shi zai zauna a ƙarƙashi ba, ya ce sama.

Gulu ne ya ba da wahala. Ya zaga kasuwa yana faɗin sunan da ya ji a Abuja, ko abin da ya rage masa na sunan. Wani ya miƙo masa na gyaran kujera, wani na facin taya, wata mata ta nuna masa kantin magani. Ya koma gida da yamma hannu biyu, ya tarar da matarsa Hellen ta sa wa farar rigar zumuntarta sitaci, ta shanya, ta sauke, rigar kuwa ta tsaya a kan tabarma ita kaɗai kamar da mutum a ciki.

Abednego ya zaga rigar sau biyu. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa.

"Hellen, me ke cikin wannan?"

"Rogo."

"Rogo kawai?"

"Baban Clinton, kada ka fara."

"Turawan nan kin san me suke yi? Namu suke ɗauka, su zuba a gwangwani, su manna masa suna, su dawo mana da shi. Rogo nawa ne a gonarki?"

"Na garin da za mu ci ne."

"In na samu rufin majami'a, shinkafa za ki riƙa ci."

"Yanzu ma ina cin shinkafa. Ranar Kirsimeti."

Kwana biyu ana goge rogo a gidan. Aka dama sitaci cikin rabin duro, aka shafe filanki hawa tara, aka jera su a filin majami'a bisa bulo. Saura inji mai matsewa. A nan ne Abednego ya nuna cewa zaman Abuja bai tafi a banza ba. Ranar Laraba matan zumunta arba'in suke koyon waƙa, kuma a zaune suke farawa. Ya je ya roƙi Mama Afiniki a yi koyon a kan bim, awa huɗu, kada kowa ta motsa.

Mata suka zo da tulu da caki, suka zauna yadda suka saba zama tun kafuwar zumunta: shugaba a dama, sai mataimakiya, sai ma'aji, sai dattijai bisa ga shekarunsu, har a gangaro kan amaren bana a ƙarshen hagu. A ikilisiyar nan kuwa muƙami da ƙiba tare suke zuwa. Ɓangaren dama ya nutse har bulo ya shige ƙasa, ɓangaren hagu ko labari bai ji ba.

Abednego ya ce, "Mama, don Allah a gauraya. Mai jiki kusa da marar jiki."

"Wace ce mai jiki?"

"A'a, Mama, ina nufin..."

"Nuna ta da yatsa. Ga mu nan."

Ya duba layin daga dama zuwa hagu, ya ga surukarsa a ta huɗu, ya mayar da yatsansa aljihu.

"Ni in koma can in zauna da Ƙauna, wadda ni na yi wa uwarta wankan jego? Abednego, kai injiniyan katako ne. Zumunta ba katako ba ce."

Aka ci gaba da waƙa. Awa ɗaya lafiya. A ta biyu mai tulu ta kai wurin da ba a iya jinsa a zaune, mata suka fara rausaya, filanki suka bi su, na sama ya zame dama, na ƙasa ya zame hagu. Abednego yana gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana turawa da kafaɗa, yana roƙon a yi waƙar jana'iza. Aka ce masa ba a koyon ta ranar Laraba.

Da awa huɗu ta cika Mama Afiniki ta yi addu'ar rufewa, aka ce amin, aka miƙe. Wato amare suka miƙe. A ɓangaren dama sitacin da ya tsattsafo ya riga ya yi aikinsa. Aka ji ƙara kamar ana yage buhu, shugaba ta tashi, zanenta na sama ya zauna. Allah ya sa matan zumunta zane biyu suke ɗaurawa.

Abednego ne ya fara magana.

"Kun gani? Kun ga ƙarfin gulu? Ko zanen Mama bai saki ba!"

Abin da Mama Afiniki ta amsa masa da harshen gida ta faɗe shi, kuma Malam Asher, wanda yake wucewa, ya ce ba zai shiga littafin kwamiti ba.

Bim ya bushe da ɗan doro wajen dama da ɗan buɗaɗɗen baki wajen hagu, inda ƙadangare ke shiga ya fito ba tare da ya sunkuya ba. Abednego ya ce doron da gangan ne, don ruwan sama ya san hanyar da zai bi. Game da bakin kuwa ya ce katako ma yana bukatar numfashi.

Kwana na uku da tsakar rana awakin Malam Asher suka gano cewa an ajiye musu tuwon rogo mai tsawon ƙafa talatin da shida. Suka jeru suna lasa, su ma kamar bisa ga muƙami. Abednego ya kore su, ya dama barkono ya shafe bim. Awakin Unguwar Zamani a bayan kicin suka girma, barkono bai dame su ba, sai ma suka kira na maƙwabta. Ya je ya kai ƙara.

"Malam, awakinka suna cin aikin Ubangiji."

"Injiniya, a iya sanina akuya ba ta cin ƙarfe. Kai kuma ka ce ya fi ƙarfe. Ko dai in gyara abin da na rubuta?"

"Bar shi yadda yake."

Bayan awaki sai tururuwa, bayan tururuwa sai kaji masu bin tururuwa. A ƙarshe Abednego ya samo baƙin mai wurin mai gyaran babur, ya shafe bim tun daga kai har ƙafa, ya ce wannan shi ake kira finishin. Dabbobi suka janye. Mutane ma suka ɗan ja baya.

Duk wannan Baba Kumai yana zuwa kullum da rediyonsa, ya zauna a gindin mangwaro yana kallo. Sai ranar da za a ɗaga bim. Majiya ƙarfi ashirin suka kama, baƙin mai ya sa yana zille musu kamar tarwaɗa, kuma duk ɗagawa sai a ji wani abu ya ce ƙyas a ciki. Tsohon ya kashe rediyo, ya je gida, ya dawo da tsohon tub na tayar mota da ya yanka dogo-dogo. Ya ɗaure bim tamau a wuri goma sha biyu.

"Baba, me ke nan? Na ce babu ƙusa."

"Ka ga ƙusa?"

"Zai ɓata mini dizain."

"Yaran mutane ne a ƙarƙashi. In ya hau, ka yi dizain ɗinka. Amma in ni ne kai, zan bar robar nan har Yesu ya dawo."

"Na wucin gadi ne," in ji Abednego da ƙarfi, don 'yan kallo su ji.

Bim ya hau. Ya zauna a kan ginshiƙansa, baƙi ƙirin, da ɗamara goma sha biyu da guntun zanen shugaba yana kaɗawa a gefe. Aka yafa tamfol, aka ɗaure. Kwana huɗu bai faɗo ba. Abednego ya sa aka rubuta masa allo mai cewa Injiniya a ƙofar gida, ya fara gaisawa da Rabaran da hannu ɗaya.

Ranar Asabar ta taro aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masu girki sun riga sun kafa murhu takwas a fili: paten acca, shinkafa, wake, naman da aka yanka domin baƙi. Mama Afiniki ta duba sama, ta duba rumfa, ta ce ai don irin wannan rana aka yi ta. Aka kwashe murhu takwas aka mayar ƙarƙashin tamfol, aka sauke gefe-gefensa saboda feshi. Daga ƙarfe shida har sha ɗaya tukwane suna tafasa, tururi yana tashi, ba shi da wurin zuwa sai bim.

Duk macen da ta taɓa sa wa riga sitaci ta san abin da ruwan zafi yake yi masa. Mata arba'in ne a wurin, amma kowacce da abin da ke gabanta. Hellen ce kawai ta ɗaga kai lokacin da wani abu mai yauƙi ya ɗigo mata a hannu. Ta shinshina, ta gane rogonta. Ta je ta samu mijinta yana goge hula.

"Baban Clinton, bim ɗinka yana zufa."

"Yana sabawa da yanayi ne."

"Ka bar robar Baba Kumai a wurin. Ka ji ni? Ko don Clinton."

"Mace, ki je ki duba wake."

Sha biyu saura kaɗan rana ta fito. Motocin baƙi suka iso, mata suka sauko cikin anko, ana Salama, ana runguma. Abednego ya sa aka janye tamfol gaba ɗaya domin baƙi su ga aiki. Aka jera kujeru a waje, kwamiti a gaba, Malam Asher da littafinsa. An sauke tukwane an kai gefe, sai babbar robar lemun citta, mai cin jarka shida, wadda aka bari a tsakiyar rumfa saboda babu mai iya ɗaga ta.

Bayan addu'a Rabaran ya ce kwamiti ya ga bim, ga shi a tsaye, ko akwai mai magana kafin ƙuri'a. Da Abednego ya yi shiru a nan, da yau shi ke rufin majami'a, abin da ya kamata ikilisiya ta riƙa tunawa a lokacin godiya. Amma ya miƙe.

"Baba Rabaran, iyayena mata, baƙinmu na Zonkwa da Kajuru da Kasuwan Magani. Akwai masu cewa robar wani tsoho ce ta riƙe aikin nan. Ban kira suna ba. A Abuja in an gama gini, babban mutum yana yanka ƙyalle. Yau ni zan yanka, sau goma sha biyu."

Ya sa tsani ta hagu, Hellen ta ƙi riƙe masa, ya hau haka nan. Ya zauna a kan bim kamar mai hawan jaki, ya zaro wuƙa.

Ya yanke ta farko. Filankin ƙasa ya ɗan saki baki. Baƙi suka tafa, a zatonsu cikin shirin ne. Ya matsa gaba, ya yanke ta biyu, ya yanke ta uku. Filanki biyu suka rabu da 'yan'uwansu, suka sunkuyo a hankali, sitaci yana bin su zare-zare kamar miyar kuɓewa.

Wata baƙuwa daga Zonkwa ta tambayi Mama Afiniki, "Mama, buɗewa yake yi?"

"Haka muka gani, 'yar'uwa. Mu ma yau muka fara ganin irinsa."

Baba Kumai ya ce, "Ɗana, sauko."

"Yana daidaita kansa ne, Baba! Zauna ka koyi aiki!"

Ta huɗu. Ta biyar. Yanzu bayansa duk ya baje kamar littafin waƙoƙi da ya sha ruwa, ba hanyar komawa wurin tsani. Gabansa kuma doro ne mai santsin baƙin mai. Yana tsakiya daidai, roba ta shida tana tsakanin gwiwoyinsa. Mata suka fara waƙar neman jinƙai ba tare da an ba su murya ba. Rabaran ya miƙe yana ɗaga hannu biyu. Mutum mai hankali zai tsaya nan ya jira a kawo wani tsani. Abednego ya duba jama'a, ya ga ba a taɓa taruwa haka don kallonsa ba, ya yanke ta shida.

Bim bai karye ba, a faɗi gaskiya. Lanƙwasa ya yi, sannu a hankali, cikin natsuwa, yana sauko da injiniyansa kamar ana sauke tuta. Abednego ya samu lokacin cewa, "Ku lura da kyau," da kuma, "Wannan shi ne," kafin filankin da yake kai ya zame ya juye shi cikin robar lemun citta, ɗuwawu a ƙasa, gwiwoyi a kunne. Sauran filanki takwas suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, suka yi masa rufi. Babu ginshiƙi, babu ƙusa.

Citta ta Kafanchan ba ta wasa da ido. Daga ƙarƙashin katako aka ji atishawa, sannan aka ji murya.

"Da azarar Baba Kumai ce, da lokaci ɗaya za ta karye ta kashe mutum! Kun ga yadda wannan ya sauko a hankali? Fasaha ke nan!"

Hellen ta leƙa ta tsakanin filanki, ta ga yana da rai, ta juya ta tambayi mata ko akwai sauran citta a gida, don baƙi ba za su ci pate ba abin sha.

Matasa suka taso za su ɗaga katako, amma Malam Asher ya ɗaga rula. Ya ce a rubuce yake cewa ranar taro kwamiti zai duba ya jefa ƙuri'a, kwamiti ya duba, kuma dukan mambobi bakwai suna wurin, ko da yake ɗaya ba a ganinsa sosai. Rabaran, wanda a karo na farko a rayuwarsa yake son taro ya ƙare da wuri, ya ce masu son Baba Kumai ya yi rufin majami'a su ɗaga hannu. Hannu shida suka tashi. Na Mama Afiniki ya fi na kowa tsawo.

"Masu son Injiniya Abednego fa?"

Daidai lokacin wani hannu ya ɓullo ta tsakanin filanki, baƙi da mai, yana ɗigar citta, yana lalube a iska.

"Ku ja ni! Hellen! Ku ja ni mana!"

Malam Asher ya gyara tabarau, ya duba hannun da kyau, ya rubuta: shida da ɗaya. Ya ja layi a ƙasa, ya rufe littafi, sannan ya ce to, yanzu a iya ciro shi.